Yaɓen Bazara da Jiragen Katakon Dubai

Idan watan Mayu ya kama, zafin bazara ya kai maƙura a Kano da Katsina, masu gidajen ƙasa sukan fara ɗaga kai suna duban gabas ko hadari ya soma haɗuwa. A Dubai ma a daidai wannan lokaci akwai mutanen da hankalinsu ke kan sararin sama, sai dai su iska suke jira. A wannan tsakanin ne aka saba yin tseren Al Gaffal, wanda jiragen katako sama da ɗari ke tashi da sassafe daga tsibirin Sir Bu Nair su nufi gaɓar Dubai, tafiyar da ta haura kilomita 90 a kan teku. Tsawon kowane jirgi ƙafa 60. Babu inji ko ɗaya a cikinsu. Abin da ke tura su shi ne wani ƙaton farin ƙyalle mai kusurwa uku da ake ɗagawa a kan jigo, iska ta cika shi, jirgi ya keta ruwa.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya a Deira da Naif sun san Dubai ta gwal da atamfa da wayoyin hannu. Da yawansu sun sha biyan dirhami ɗaya su tsallaka mashigin ruwan Khor a cikin abra, ɗan kwalekwalen nan na katako mai rumfa, sun kuma ga manyan jiragen dako jere a bakin ruwa ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa, za a kai Iran ko Somaliya. Kaɗan ne suka san cewa garin nan mai dogayen benaye na gilashi yana kashe maƙudan kuɗi kowace shekara don kada jirgin katako mai tafiya da iska ya mutu.

Kafin man fetur, lu'ulu'u ne abincin wannan gaɓa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, kusan wata huɗu, mazan gari kan watse cikin teku. Kowane jirgi da nakhoda, wato shugabansa, da masu nutso, da masu jan igiya da ke fito da su idan numfashi ya ƙare, a manyan jirage kuma har da mawaƙin da ke ba ma'aikata ƙwarin gwiwa. Mai nutso kan matse hancinsa da ɗan maƙalli, ya taka dutse ya ja shi zuwa ƙasan ruwa, ya tsinci kawa cikin kwando, ya girgiza igiya a jawo shi, ya huta kaɗan ya koma, haka har faɗuwar rana. Abincinsa dabino da shinkafa da kifi. Bai kamata a yi wa wannan rayuwa kwalliya ba. Yawancin masu nutso bashi ne ya ɗaure su, bashin da uba kan mutu ya bar wa ɗansa, kuma a cikinsu akwai bayi da 'ya'yan bayi da aka kwaso daga gabashin Afirka. Ranar da kakar nutso ta ƙare jirage suka juyo gida ita ce ranar da mata da yara ke cika bakin ruwa, wasu su tarbi nasu, wasu a yi musu ta'aziyya. Wannan komowar ita ake tunawa da tseren Al Gaffal, kuma Sir Bu Nair zango ne da jiragen kan yada a hanyarsu.

Sana'ar lu'ulu'u ta faɗi cikin ƙanƙanin lokaci. Mutanen Japan, da Kokichi Mikimoto a kan gaba, suka gano yadda ake sa kawa ta yi lu'ulu'u a gonar ruwa, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929. Kasuwa ta mutu, yunwa ta shiga gari. A 1966 aka sami mai a tekun Dubai, a 1969 aka fara fitar da shi, a 1971 aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wanda ya sami aikin ofis da mota ba zai koma jan igiya ba. Jiragen nutso aka ja su kan yashi, rana ta busar da su, suka tsattsage.

A 1991 marigayi Sheikh Hamdan bin Rashid Al Maktoum, wanda ya rasu a 2021, ya assasa tseren Al Gaffal, ƙungiyar wasannin ruwa ta Dubai International Marine Club ke gudanar da shi. Yana da halin da zai sa a tattara tsofaffin jiragen a killace su a gidan tarihi, a kafa musu allo, a hana taɓawa. Ya zaɓi ya mayar da su ruwa, ya sa kyauta mai tsoka, ya sa dangi da dangi su yi gasa. A ganina wannan ita ce hikimar da ta fi komai a cikin labarin, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa zai gane ta ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin jirgin katako da gidan ƙasa halinsu ɗaya.

Tun daga gini suka yi kama. Tsohon magini ba ya zuwa da takarda. Ya tsaya a fili, ya auna da ƙafa da igiya, ya jera tubali, ya ɗora azara, ya tanƙwara bakan gizo har ya haɗe a tsakiyar soro, duk lissafin yana cikin kansa da tafin hannunsa. Haka masassaƙin jirgin yankin Gulf, wanda suke kira gallaf. Ya shimfiɗa ƙashin bayan jirgi, ya fara jera falankai yana lanƙwasa su da ido, sai jikin ya fara fitowa sannan ya saka haƙarƙarin ciki, saɓanin yadda Turawa suka saba, su da ke fara kafa haƙarƙari su rufe da katako. Yankin Gulf ba shi da manyan itatuwa, don haka tun zamanin da daga gaɓar Malabar ta Indiya ake kawo musu itacen saj, mai jure ruwa da ƙwari. Mu ma ba kowane itace magini ke yarda da shi ba. Giginya yake nema, namijinta wanda ya ƙosa, saboda gara ba ta iya masa.

Sai batun kariya daga ruwa, inda kamannin ya fi fitowa. Magini ya san cewa ƙasa kaɗai ba ta tsayawa gaban damina. Shi ya sa ake jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa a shafe bango, a kuma haɗa laso da katsin marina da gashin majema da dafara a dalaye rufin soro, a gyara bakin indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin katanga. Ka duba yadda aikin gida ɗaya ya ratsa ta hannun marini da majemi da mai hawan ɗorawa. A bakin tekun Dubai kuwa, tsakanin falanki da falanki ana cusa zaren auduga da aka jiƙa da mai, ana buga shi da kurfi da guduma har ya toshe kowace kafa. Sashen da ke saman ruwa a shafe shi da man kifi, wanda warinsa ke tarbar mutum tun daga nesa. Sashen da ke cikin ruwa kuma a dama farar ƙasa da kitse a shafa da hannu, saboda akwai wata tsutsar teku da ke huda katako ta cinye cikinsa, waje yana nan sumul. Wannan shafi ba ya daɗewa. Bayan 'yan watanni sai an jawo jirgin gefe, an kankare, an sake. Babu ranar da mai jirgin katako zai ce ya gama, kamar yadda babu shekarar da mai gidan ƙasa zai ce bana an yafe masa yaɓe.

Kowa ya san gidan da ke fara faɗuwa a unguwa. Ba lallai ne ya zama mafi tsufa ba. Shi ne wanda tsoho ya rasu, 'ya'ya suka koma sabuwar unguwa, aka sa kwaɗo a ƙofar zaure ana jiran rabon gado. Da akwai mutum a ciki, da ya ga ɗigon farko a kusurwar ɗaki ya sa kwano ya tara, gari na wayewa ya hau soro da ɗan curin ƙasa ya toshe. Da ya ga ciyawa ta tsiro a bakin indararo ya cire. Da hayaƙin murhu ya ci gaba da busar da azara yana korar ƙwari. Amma babu kowa, sai ɗigo ya zama rami, rami ya jiƙa azara, damina biyu ko uku rufi ya rufta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Jirgin katako ma haka yake, har ya fi. Katakonsa yana shan ruwa ya kumbura, kumburin ne ke matse falankai su kama juna. Aka fitar da shi aka ajiye a rana irin ta Dubai, sai katako ya tsuke, kafofi su buɗe, audugar ta zube. Aka bar shi a ɗaure a tasha babu mai hawa, ruwan da ya taru a cikinsa ya ruɓar da shi daga ƙasa. Mai tuƙa shi kullum ne ke jin ƙarar da ba ta saba ba, ya san wace ƙusa ce ta saki.

Akwai kuma wata ɓarna da ke zuwa da kyakkyawar niyya. Mutum ya gaji da yaɓe kowace shekara, ya samu ɗan kuɗi, ya ce a shafe masa bangon ƙasa da siminti ya huta. Shekarar farko gida ya yi kyau. Amma siminti da ƙasa ba sa kama juna, kuma siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Laima ta shiga ta wata 'yar tsaga ta rasa hanyar fita, ƙasa ta yi laushi a ɓoye, wata rana a wayi gari simintin ya ɓalle falle guda ya tafi da rabin bango. Masu jiragen katako a ƙasashe da dama sun faɗa irin wannan rami da aka fara samun faiba. Suka lulluɓe tsohon katako da ita don su huta da toshe kafofi, ruwa ya maƙale tsakanin faiba da itace, jirgi ya ruɓe a cikin rigarsa. Duk lokacin da na tuna Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, aka zo a shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage da sabon ginin siminti, raina yakan kasu biyu. An tsare bakunan gizon nan masu ban mamaki daga ruwan sama, wannan gaskiya ne. Amma an kuma raba ginin da magina masu hawansa kowace bazara.

Can nesa da Dubai akwai wani jirgi da labarinsa ya tabbatar da wannan magana fiye da kowane. Sunansa Dorade, tsawonsa ƙafa 52. Wani matashi ɗan Amurka, Olin Stephens, ya zana shi a 1929 yana ɗan shekara 21, aka sassaƙa shi a City Island da ke New York, ya shiga ruwa a 1930. Siriri ne, kuma ƙarami idan aka jera shi da jiragen tseren teku na lokacin. A 1931 ya lashe tseren tsallaka Tekun Atilantika daga Newport zuwa Plymouth ta Ingila cikin kwana 17, ya bar manyan jirage a baya da kwanaki. Ya lashe tseren Fastnet a 1931 da 1933, sannan a 1936 ya lashe tseren Transpac zuwa Honolulu. Har yau 'yar dabarar shigar da iska cikin jirgi ba tare da ruwa ya biyo ba, wadda aka fara sa masa, da sunansa ake kiranta.

Ya yi ta sauya hannu har 2010, lokacin da Matt Brooks ya saye shi. Jirgi mai shekara 80 irin wannan, abin da aka saba shi ne a goge shi ya yi ƙyalli, a riƙa ɗan zagayawa da shi kusa da gaɓa ranar da teku ta kwanta. Brooks ya ce shi teku zai mayar da shi, ya sake bin tseren da ya ci a ƙuruciyarsa, ko da yake masana da dama sun ga wauta ce a jefa tsohon katako cikin manyan igiyoyin ruwa. Aka yi masa gyara na gaske, aka duba kowane haƙarƙari, aka sauya jigo. A 2013 ya shiga Transpac, tafiyar mil 2,225 na teku daga Los Angeles zuwa Honolulu, tare da jiragen zamani da aka ƙera da kayan ƙera jirgin sama. Ba shi ya fara isa ba. A irin wannan tsere ana daidaita lokaci gwargwadon girman kowane jirgi da ƙirarsa, kuma da aka yi lissafi Dorade ne ya zo na ɗaya gaba ɗaya, shekara 77 bayan nasararsa ta farko a wannan tsere.

Wani zai tambaya, bayan duk sauye-sauyen nan, nawa ne ya rage na katakon 1930? Tambaya ce mai kyau, amma ɗan gidan ƙasa ba za ta ɗaga masa hankali ba. Zauren da ake cewa na kakan kakanmu ne, ƙasar da ke fuskarsa ta bara ce. An sauya azara a zamanin kaka, an sake zankwaye bayan wata damina mai ƙarfi, an ɗaga dakali. Duk da haka babu wanda zai ce ba zauren ba ne, domin faɗinsa da tsayinsa da inda ƙofarsa ta kalla da sanyin da ke cikinsa da azahar duk suna nan, kuma ba a taɓa yin shekarar da aka daina zama a cikinsa ba.

A nan ne Dubai ta bi wata hanya da ta ɗan bambanta. Yawancin jiragen da ke tseren Al Gaffal a yau ba tsofaffin jiragen nutso ba ne da aka gyara. Sababbi ne, an sassaƙa su don gudu, sirara, marasa nauyi, jikinsu katako tsantsa da aka goge har ƙirar itacen na bayyana. An bar kayan zamani sun shiga wasu sassa, ƙyallen ma ba irin na auduga ba ne na da. Masu tsattsauran ra'ayi kan ce to ina gadon yake? Ni ban bi su ba. Siffar jirgin tana nan, kuma abin da ya fi siffa wuya, wato iya sarrafa shi, yana nan. Jirgin ba shi da nauyin ƙarfe a ƙasa irin na jiragen Turawa da zai hana shi kifewa. Buhunan yashi ne da jikin mutane ke daidaita shi. Iska ta juya, sai ma'aikata su ruga ɓangare guda, su kwashe buhuna su mayar, su saki igiya su ja wata, duk da umarnin nakhoda. Iska ta faɗi, sai a zubar da yashi don jirgi ya yi sauƙi. Kuskure kaɗan jirgi ya kife ko jigo ya karye, kuma ba baƙon abu ba ne a ga wasu sun kasa kai wa ƙarshe. An ware tseren ga 'yan ƙasa, sau da yawa uba ne da 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa a jirgi ɗaya, akwai kuma ƙananan ajujuwa na ƙafa 22 da ƙafa 43 inda yara da matasa ke koyo kafin su hau babba. Yaron da ke karatun kwamfuta a jami'a ya san yadda ake karanta fuskar ruwa a gane inda iska take, don akwai ranar da za a gwada shi a gaban dangi.

Ba komai ne ya cika ba. Wanda ya shiga unguwar Al Jaddaf, inda masassaƙan jirage suka daɗe a bakin Khor, zai ga yawancin masu riƙe da gizago da guduma mutanen Indiya da Pakistan ne. Ɗan ƙasa ya riƙe tuƙi da mallaka, sassaƙa kuwa ta fi zama a hannun baƙi, kuma benaye na ta matso filin. Duk da haka daga nan ne a 2020 aka fitar da jirgin nan mai suna Obaid, tsawonsa mita 91.47, faɗinsa mita 20.41, wanda kundin Guinness ya shaida a matsayin jirgin katakon Larabawa mafi girma a duniya. Majid Obaid Al Falasi ne ya jagoranci aikin don tunawa da mahaifinsa, wanda shi ma masassaƙin jirgi ne. Ba don kallo aka yi shi ba, jirgin dako ne.

Na san abin da mai karatu zai ce: su suna da kuɗin mai, mu ina muka gan shi? Gaskiya ne ba za mu iya sa kyautar miliyoyin dirhami ba. Amma yaɓe bai taɓa zama aikin masu miliyoyi ba. A Djenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari kan fito rana guda a yaɓe babban masallaci, unguwa da unguwa na gasar wa zai riga gama nasa ɓangaren, yara na cuɗa ƙasa, mata na kawo ruwa, tsofaffin magina na zaune suna nuni. A ƙauyen Yaama na jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, jama'ar gari suka yi ta gyarawa suna ƙarawa, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ba da kuɗin mai aka yi waɗannan ba.

Mu kuwa muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da unguwar Birni a Damagaram, da ragowar badala da ake ta yanka ana sayarwa. Abin da muka saba shi ne a jira gini ya kusa faɗuwa, a ba da kwangila, a gyara sau ɗaya, a yi biki, a tafi. Sarautar Sarkin Magina tana nan a masarautunmu, amma yaro nawa ne a yau ke bin magini yana miƙa masa tubali, alhali ya ga mai bulo ne ke samun aiki? Da masarauta za ta tsayar da mako guda kowace bazara, ta raba sassan ganuwa da tsofaffin zauruka ga unguwanni, Sarkin Magina ya yi alƙalanci, a ba unguwar da ta fi iya yaɓe kyauta a gaban sarki, da an ga samari sun koma tambayar tsofaffi yadda ake haɗa laso. Da makarantu da ɗakunan karatu da masaukan baƙi za su riƙa ba da aikin ginin ƙasa, da magini ya sami dalilin koya wa ɗansa.

Ɗan kasuwar da Allah ya kai Dubai, idan ya gama sari ya ba da kayansa a ɗaure, ya ware yamma ɗaya. Jirgin ƙasa na cikin gari, koren layi, yana da tasha mai suna Al Jadaf, daga nan bakin ruwan ba nisa. Ya nemi izini ya tsaya kusa da inda ake toshe kafofin jirgi, ya ga yadda ake murza audugar da yawan bugun da kowane taƙi ke sha. Idan kuma tafiyarsa ta faɗo a ƙarshen bazara, ya tambayi ranar Al Gaffal da inda jiragen za su sauka, domin iska ce ke yanke ranar, akan ɗage ta idan teku ta ƙi.